Wata huɗu na yi alkawari, aikin ya ci mana wata goma

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son in rubuta wannan labarin amma kullum sai in ji nauyi, saboda akwai mutanen da suka cutu a ciki kuma da bakina aka cutar da su. Ba zan kama sunan kowa ba, ba kamfanin da na yi aiki ba, ba makarantar da ta ba mu kwangila ba. Aikina rubuta manhaja ne, a Kano nake, kuma abin da zan faɗa ya faru ne daga 2019 zuwa farkon 2020.

Lokacin ina wani ɗan ƙaramin kamfani, mu huɗu ne masu rubuta kod, wato umarnin da ake gina manhaja da shi, sai oga, sai wata baiwar Allah mai kula da takardu da asusu. Ni ne babba a cikin mu huɗun, to duk wani lissafi na wata nawa aiki zai ci, mutum nawa ake buƙata, ni ake juyowa a kalla. Wata makarantar kuɗi mai rassa uku ta zo tana son manhaja da za ta riƙe mata komai, rajistar ɗalibai, biyan kuɗin makaranta, sakamakon jarrabawa, halartar malamai, har da saƙon tes ga iyaye. Muna zaune a ofishin mai makarantar, esi na kaɗawa, an kawo mana lemo, sai Alhajin ya ce shi fa yana so kafin a dawo sabon zangon Satumba komai ya kankama. Ƙarshen Afrilu ne lokacin. Oga ya juyo ya kalle ni ya ce Malam ya ka gani, zai yiwu? Wallahi ban lissafa komai ba, ko biro ban ɗauka ba. Na kalli fuskar oga, na san wata biyu kenan albashi na zuwa a makare, na san in na ce a'a kwangilar ta tafi hannun wasu, sai kawai na ji bakina ya ce in sha Allahu Alhaji wata huɗu ya isa. Alhaji ya yi murmushi ya ce haka nake son ji. A mota oga ya dafa kafaɗata yana ta sa min albarka.

Mutum huɗu sau wata huɗu, watannin aikin mutum ɗaya sha shida kenan, kuma a kan wannan sha shidan aka yanka kuɗin kwangilar gaba ɗaya. Ban tuna cewa azumi zai kama farkon Mayu ba, wai ni da nake azumin. Ban sa hutun ƙaramar sallah a lissafi ba, balle babbar sallah da ta zo a Agusta, ban sa ranakun da wuta za ta ɗauke janareta ya ƙi tashi ba, ban sa ranar da intanet zai tsaya cak mu zauna muna kallon juna ba. Na ɗauka kowa zai zauna ya rubuta kod awa takwas kullum kamar inji.

Watan farko ya tafi ne a kan gane abin da ma suke so. Reshe ɗaya suna lissafin sakamako da maki 40 na gwaji 60 na jarrabawa, ɗayan reshen 30 da 70, na ukun kuma shugabar ta ce ita tana da nata tsarin da ba ta yarda a taɓa ba. Kuɗin makaranta akwai ragin 'ya'yan malamai, akwai ragin mai 'ya'ya uku zuwa sama, akwai waɗanda Alhaji ke cewa a ƙyale su kawai ba a rubuce a ko'ina ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai ya canza yadda muka tsara rumbun bayanai. Zuwa ƙarshen Yuli ko rabi ba mu kai ba.

To nan ne aka yi kuskure na biyu, shi ma da yawuna a ciki. Oga ya kira ni ya ce tunda lokaci ya ƙure mu ƙaro hannu, ai hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Na ce haka ne oga. Aka kawo mutum biyar a sati ɗaya, 'yan bautar ƙasa biyu, ɗalibai biyu masu neman sanin makamar aiki, da wani ƙwararre ɗaya da aka ɗauko da tsada daga Kaduna. Muka zama tara. Ni a kaina lissafin mai sauƙi ne, in huɗu za su gama a wata biyu to tara za su gama a ƙasa da wata ɗaya.

Abin da na gani da idona shi ne a watan Agusta aikin da muka fitar bai kai na Yuli ba. Mu tara ba mu yi abin da mu huɗu muka yi ba. Ni da nake rubuta mafi wahalar ɓangaren na koma malamin makaranta, daga safe zuwa azahar ina zagaye tebur tebur, wannan ya ce kod ɗin ya ƙi tashi a laftof ɗinsa, wancan ya ce bai gane me ya sa teburin ɗalibai ya rabu biyu ba. Yaran ba su da laifi ko kaɗan, masu ƙoƙari ne, amma an jefa su cikin aikin da mu muka yi wata uku muna ɗauke da shi a ka, kuma ba mu rubuta bayanin komai ba. Wata ranar Laraba da ba zan manta ba, ɗaya daga cikinsu ya gyara lissafin ragin kuɗi ya tura, bai san ɓangaren rasit ya dogara da shi ba, muka kwana biyu muna neman dalilin da ya sa rasit ke nuna iyaye sun biya fiye da abin da suka biya. Da muka gano sai yaron ya fita waje ya zauna a kan matakala ya dafe kai, na bi shi na ce ƙanina tashi ba kai ba ne, mu ne ba mu faɗa maka ba. Kuma gaskiyar kenan.

Satumba ta zo ba mu da abin nunawa sai rajista kawai. Alhaji ya daina ɗaga wayar oga, in ya ɗaga kuma sai faɗa. Muka koma kwana a ofis, shimfiɗa kwali a ƙasa, shayi da burodi da indomi. Ɗaya daga cikin mu huɗun asali, wanda matarsa ke da tsohon ciki, ranar da ta haihu yana ofis yana gyaran shafin sakamako, sai a waya aka faɗa masa. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi, don ni na ce wata huɗu. Ni ma kaina ciwon olsa ya tashi min, maman yara ta ce min wata rana, Abban su wai aikin nan ba ya ƙarewa ne, yaran nan sun fara tambaya ko tafiya ka yi. Ban iya ba ta amsa ba.

A Disamba kuɗi ya ƙare, aka sallami mutum huɗu, biyu daga ciki ba a cika musu haƙƙinsu ba sai daga baya da kaɗan kaɗan. Mu biyar muka ƙarasa, aka miƙa aikin ƙarshen Fabrairu 2020. Ko wata guda ba a yi ba korona ta shigo aka rufe makarantu a Maris, ragowar kuɗinmu ya maƙale.

Zaman kulle ne ya ba ni damar in zauna in tambayi kaina me ya faru. Na buɗe tarihin aikin a Git, wato manhajar da ke ajiye duk canjin da aka yi wa kod, na bi shi wata wata da littafi da biro. Mutum huɗu wata uku, 12. Mutum tara wata huɗu, 36. Mutum biyar wata uku, 15. Jimla 63. Ni kuma na sayar da aikin a kan 16. Na daɗe ina kallon lambobin nan biyu.

Akwai wani dattijon injiniya a unguwarmu da ya yi shekaru yana aikin kwamfuta tun zamanin manyan injina, muna haɗuwa a masallaci, na kira shi a waya na zayyana masa komai. Ya saurare ni har na gama sannan ya ce ɗana abin da ya same ka an rubuta shi tun kafin a haife ka. Shi ya fara gaya min sunan Fred Brooks, mutumin da ya jagoranci aikin OS/360, wato manhajar da ke tafiyar da manyan kwamfutoci, a kamfanin IBM a Amurka, wanda a 1975 ya fitar da abin da yanzu ake kira dokar Brooks, cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya riga ya makara ƙara masa makara yake yi. Ya ce in ɗauki biro in lissafa hanyoyin magana tsakanin ma'aikata, adadin mutane sau adadin ban da ɗaya, a raba biyu. Mu huɗu, hanya 6. Mu tara, hanya 36. Wato mun ninka hannu sau biyu da ɗoriya amma mun ninka wa zai tambayi wa, wa zai jira wa, wa zai ɓata aikin wa, har sau shida. Nan take watan Agusta ya dawo min, na gane me ya sa nake yawo tsakanin tebura.

Daga nan na shiga karatu kamar mai shirin jarrabawa. Na samu tsarin COCOMO na Barry Boehm na 1981, wato hanyar ƙiyasta wahala da lokacin da aikin manhaja zai ci, wanda ya gina shi a kan ayyuka 63 da ya nazarta. A mafi sauƙin sigarsa, ga ƙaramar tawaga da ke aikin da ta saba da irinsa, za ka ɗauki yawan layukan kod a dubbai, ka ɗaga shi zuwa ƙarfin 1.05, ka ninka da 2.4, sai ya ba ka yawan watannin aikin mutum ɗaya. Tsawon lokacin kuma 2.5 ne sau wannan amsar a ƙarfin 0.38. Na ƙirga namu kod ɗin da muka rubuta da hannu, ya kusa layi dubu 20. Na danna a kalkuleta, ya ba ni kusan 56, tsawon lokaci kuma wata 11 da rabi, da mutum biyar a matsakaici. Na sake dannawa don na ɗauka na yi kuskure. Lissafin da aka yi shekara 38 kafin ranar da na zauna a ofishin Alhaji ya fi bakina kusa da gaskiya nesa ba kusa ba. Kuma Boehm ɗin ya nuna da wuya a matse aiki ya sauka ƙasa da kashi 75 cikin ɗari na lokacinsa na asali komai yawan mutanen da aka zuba, wato mu ko da komai ya tafi daidai wata takwas da rabi ne ƙarshen abin da za mu iya. Wata huɗu bai taɓa kasancewa a cikin abin da zai yiwu ba. Wani abu kuma da ya ƙona min rai, shi a lissafinsa wata ɗaya na mutum awa 152 ne, wato kwana 19 na awa takwas, ya riga ya cire hutu da rashin lafiya, ni kuwa ko azumi ban cire ba.

Amma abin da ya fi zauna min a rai shi ne zancen lanƙwasar Rayleigh. Wani mai suna Peter Norden, shi ma a IBM, ya lura cewa ayyukan ƙirƙira ba sa cin ma'aikata daidai wa daida daga farko zuwa ƙarshe, buƙatar tana farawa ƙasa, ta hau kamar tudu, ta kai ƙololuwa, sannan ta gangaro a hankali da doguwar jela. Lawrence Putnam ya ɗauki wannan ya ɗora a kan manhaja a 1978. A tsarinsa ƙololuwar tana zuwa ne wajen lokacin miƙa aiki, kuma zuwa lokacin kusan kashi 40 cikin ɗari kawai na dukkan wahalar aka kashe, sauran kusan 60 ɗin yana cikin jelar, gyare-gyare da ƙare-ƙare da kula da manhajar bayan an fara amfani da ita. Mu ko sisi ba mu sa na jela a kwangila ba. Sannan a lissafin Putnam wahalar aiki tana hauhawa ne da ƙarfi na huɗu in ka rage lokaci, ka rage kashi 10 na lokaci wahala ta ƙaru da kusan rabi, ka rage kwata ta ninka sau uku. Na san daga manya manyan ayyuka ya samo wannan, ba aikin makaranta mai rassa uku ba, don haka ban ɗauke shi kamar aya ba, amma alƙiblar da yake nunawa na gan ta da idona.

Mahaifina magini ne, ya tsufa yanzu ba ya hawa gini. Da aka ɗan sassauta kulle na je gaishe shi, muna zaune a zaure na zana masa tudun nan a ƙasa da tsinke ina ta ƙoƙarin yi masa bayani. Ya kalla ya ce to wannan ai gini ne. Ya ce ranar da za a fitar da harsashin gida mutum uku sun isa, shi da mai riƙe igiya da mai buga turaku, in ka kawo lebura ashirin ranar sai dai su tattake maka alama su ci kuɗinka. Ranar zuba kankaren bene kuwa ko talatin ka samu ba su yi yawa ba, don kowa ya san kwanonsa da hanyarsa. Bayan nan kuma dole ka sallame su ka jira kankare ya bushe, ko Kano gaba ɗaya ka tara ba za su busar da shi ba. Sai a ƙarshe ka rage mai filasta da kafinta da mai fenti, su ne za su daɗe suna tsince tsince. Ya ce kai a wace rana ka kawo leburorinka? Na ce Baba ranar da ginin ya riga ya karkace. Ya girgiza kai ya ce Allah ya kyauta, amma ko a gona ai gayya tana yiwuwa ne saboda kowa zai kama kunyarsa ya ja ba sai ya tambayi na kusa da shi ba, naku aikin kuwa na ji kamar kowa sai ya tambayi kowa.

Wannan maganar ta Baba ita nake aiki da ita har yau. Yanzu in an ce min mutum nawa kake buƙata ba na ba da lamba ɗaya, ina zana wata wata ne a Excel. Farko mutum biyu, ni da wanda zai zauna da kwastoma ya tatso ainihin abin da yake so, mu tsara rumbun bayanai mu rubuta bayani. Sai an raba aikin gida gida yadda kowa zai iya kama kunyarsa sannan nake ƙaro hannu, ɗaya ɗaya ba a tare ba, kuma duk sabon da ya shigo ina rubuta cewa satinsa biyu zuwa uku na farko ba zai ƙara komai ba, zai ma ci lokacin wanda ke koya masa. Mai gwaji yana shigowa tun tsakiya ba sai ƙarshe ba. Bayan miƙa aiki kuma mutum ɗaya ko biyu na nan a lissafi na wasu watanni, da kuɗinsu a rubuce a kwangila, in kwastoma ya ce bai yarda ba in ce to ranka ya daɗe ranar da ta lalace wa za ka kira.

Ban dogara da COCOMO kai tsaye ba gaskiya, don kayan aikin yanzu ba irin na wancan zamanin ba ne, kuma ba ka sanin yawan layukan kod sai ka gama. Ina amfani da shi ne in auna ko hankalina ya gudu. Abin da na fi dogara da shi littafina ne, duk aikin da muka yi ina rubuta nawa muka ce, nawa ya ci. A nan na gano cewa a ofishinmu awa biyar na ainihin aiki muke samu a rana in an cire mitin da salla da wuta da amsa wayar kwastoma, a azumi kuma bai kai haka ba, to da biyar nake lissafi. Kowane ɓangare kuma lamba uku nake sa wa waɗanda za su yi shi su faɗa da bakinsu, in komai ya tafi lafiya, yadda aka saba, da in abu ya ɓaci. Sai in bi hanyar PERT da sojojin ruwan Amurka suka fito da ita a ƙarshen shekarun 1950, a ninka na tsakiya sau huɗu, a haɗa da na farko da na ƙarshe, a raba shida. Misali haɗa manhaja da hanyar biyan kuɗi ta banki, yara suka ce kwana 5, kwana 10, kwana 25, ya ba da kusan 12, to 12 nake rubutawa ko da zuciyata na cewa 5.

Mafi wahalar duka dai ba lissafin ba ne, buɗe baki ne a gaban babba. Mun taso ba a ce wa manya a'a, kuma ina girmama wannan tarbiyyar, amma na ga yadda kunyata ta minti ɗaya ta koma wata goma a kan wasu bayin Allah. Bara wata Hajiya mai shagunan magani ta kira mu tana son manhajar kaya da ciniki a wata biyu. Na ce Hajiya ki ba ni kwana uku in dawo miki da amsa. Na dawo da takarda, na nuna mata wata biyar zuwa bakwai, na nuna mata wane wata mutum nawa, na ce in wata biyun dole ne to ga ɓangaren da za mu iya ba ki a ciki, lissafin kaya kawai ban da rassa ban da rahoto. Ta ce wani ya ce mata zai yi duka a sati shida. Na ce Allah ya ba shi iko Hajiya, ni dai ba zan iya ba. Ta tafi wajensa. Na koma ofis jikina a sanyaye don muna buƙatar kuɗin, na tara yaran na faɗa musu yadda aka yi. Cikinsu akwai wanda ya zauna a matakala ya dafe kai a 2019, yanzu shi ne mataimakina, kuma shi ke riƙe da littafin lissafin. Ya buɗe sabon shafi ya rubuta kwanan wata da abin da muka ce, wata biyar zuwa bakwai, ya bar gurbin nawa ya ci a buɗe, sannan muka koma kan aikin da ke gabanmu.